Wa Ya Sa Wa Baba Akaa Takalmi?

"Mama, wa ya sa wa Baba Akaa takalminsa a juye?"

Tambayar ta fito ne daga ƙasa, ta tsakanin ƙafafun mutane. Ngodoo ta waiga. Ashe Mimidoo ta zame hannunta tun ɗazu ta kutsa gaba. Yarinya 'yar shekara biyar, ga ta tsugune tana leƙen gawa. Uwar ta fizgo ta, ta tusa fuskarta a cikin zaninta, amma ina, ta riga ta gani.

"Ba kin ce in na sa nawa a juye zan faɗi ba? Shi ya sa ya faɗi?"

"Yi shiru, Mimi."

Safiyar Asabar ce, farkon damina. Sun fito ne za su duba dashen itatuwan da Ngodoo ke reno a gonar jami'a, wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta da aka buɗe a bayan Bukan Sidi a Lafia, sai suka tarar da taro a burtalin da ke bayan wayar shingen jami'ar. Baba Akaa ne kwance a bakin kwazazzabo. Babu wanda bai san tsohon ba a unguwar: ɗan ƙwadago ne, kullum da garma a kafaɗa, yana jan ƙafar hagu tun wani hatsarin mota da ya yi da ƙuruciya. Yanzu ga shi jini ya bushe masa a baki da hanci, ko'ina kuma sawun shanu ne.

"Duka ne," in ji wani. "Da sanda aka yi masa."

"Shanun wa ke bin nan?"

Wata mata daga baya ta faɗi sunan da kowa ke taunawa.

"Ashafa."

Ashafa manomi ne mai shanun huɗa, kuma a gidansa Ngodoo take haya. Matarsa Rekiya ce ke riƙe mata Mimidoo duk ranar da take aji. Kowa kuma ya san makon jiya shanunsa sun shiga rogon Baba Akaa, har suka yi sa-in-sa a bakin masallaci.

Ngodoo ta miƙa yarinyar ga wata ɗalibarta, ta ce ta juya mata baya, sannan ta durƙusa kusa da gawar. Ngodoo malama ce a sashen gandun daji da namun dawa. Ubanta maharbi ne a ƙasar Obi, shi ya koya mata karatun ƙasa tun tana goye da ƙannenta, daga baya ta yi aiki a gandun daji tana bin sawun masu farautar sata. Ba ta taɓa gawar ba. Ido kawai ta zuba.

Hannun dama ya kumbura har kafaɗa, a bayan yatsa ga 'yan huji biyu ƙanana. Dugadugansa duka sun yi bororo sun fashe, abin da bai dace da mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin takalmin taya ba. Takalman kuwa, gaskiyar Mimidoo ce: na hagu a dama, na dama a hagu. Daga cikin kwazazzabon zuwa inda yake, ƙasa ta nuna shatar gwiwa da tafin hannu ɗaya. Ya ja jiki. Yana neman titi.

* * *

'Yan sanda sun zo sun ɗauke gawar, suka ce Ashafa ya je ofis ranar Litinin. Ba su bar komai a baya ba sai Terngu, ɗan Baba Akaa, ɗan acaɓa, tsaye da jajayen idanu, abokan aikinsa kewaye da shi.

"Terngu, maciji ne ya sari Baba," in ji Ngodoo. "Kububuwa. Ita ce ke sa jini ya riƙa fita ta baki da hanci."

"Maciji?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Anti, abeg. Maciji ne ya kawo shi hanyar shanu? Babana me zai zo yi a nan?"

"Abin da nake so in gano ke nan."

"Gano me? Kin zauna gidansu, kin ci tuwonsu, dole ki ce maciji."

Ngodoo ta dubi jajayen idanunsa. Ta san wannan idon. Ta gan shi a fuskokin mutane shekarar da aka haifi Mimidoo, lokacin rikicin da ya ci ƙauyuka. Da jego ta ratsa daji, jaririya a ƙirji tana toshe mata baki. Mijinta Shima ya ce su yi gaba zai biyo su. Har yau bai iso ba. Rekiya ce ta buɗe mata ƙofa a Lafia, ta gasa mata jiki, ta dama mata kunu.

"Ka ba ni zuwa gobe da la'asar," ta ce. "In ban kawo maka wanda ya yi ba, ka yi abin da ka ga dama."

Terngu ya dubi jarkar fetur da ke ɗaure a bayan mashin ɗin abokinsa, ya dube ta.

"Gobe da la'asar. Amma ki kwashe yarinyarki daga gidan nan. Na gaya miki."

* * *

A gida ta tarar da Rekiya tana ƙulle kaya a zani tana kuka, Ashafa kuma zaune a kan turmi ya ƙi motsi.

"Maman Mimi, ki yi masa magana," in ji Rekiya. "Na ce mu tafi Ashige wurin yayana kafin abin ya lafa, ya ƙi."

"In na gudu na amsa laifi ke nan," in ji Ashafa. "Nan aka binne cibiyata."

"Baba Ashafa, ka gaya mini gaskiya. Jiya shanunka sun bi burtali?"

"Sun bi, da yamma. Ni na koro su."

"Ba ka ga komai ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun ɗan firgita a wajen kwazazzabo. Na ɗauka kare ne ya mutu. Hadari ya taso, ina sauri." Ya share fuska da tafin hannu. "Wallahi da na leƙa... Mun yi faɗa da tsohon, ban musa ba. Na ce masa zai gani. Nufina zan kai shi gaban mai unguwa. Shekara nawa muna faɗan nan, da Kirsimeti ya aiko mini doya, da Sallah in aika masa nama."

Ngodoo ta shiga ɗaki ta haɗa 'yar jaka: rigunan Mimidoo, katin asibiti, maganin zazzaɓi, tocila. Ta ajiye a bayan ƙofa, inda hannu zai kai ko a guje. Mimidoo na zaune a kan gado tana kallonta.

"Mama, shi ke nan ba zai dawo mini da safata ba?"

"Wace safa?"

"Mai agwagwa. Wadda kika ba Baba Akaa."

Ta tuna. Makonni da suka wuce tsohon ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce ko tana da tsofaffin safar yara da ba a so. Ta kwaso masa waɗanda suka yi wa Mimidoo kaɗan, har da 'yan rawaya masu hoton agwagwa. Ta yi zaton wata jika zai kai wa. Ba ta tambaya ba.

"Sun yi miki kaɗan, Mimi. Kwanta."

* * *

Da rana ta ɗan yi sanyi ta koma burtali ita kaɗai. Shanu da 'yan kallo sun tattake komai, yayyafin jiya ya ƙarasa sauran. Ta bar tsakiyar hanya ta bi gefe, inda ciyawa ke riƙe abin da rairayi ya saki. A can ta same shi: layin taya ɗaya, siriri. Baro. Ya zo da nauyi, ya nutse a ƙasa, ya koma sakayau yana tsalle. A bayansa sawun takalmi ne mai santsin ƙasa, ruwa ya cinye gefensa har ba a gane girmansa. Layin ya ratsa ta inda waya ta yanke, ya shiga gonar jami'a, ya nufi filin da ɗalibai ke kira gonar Kujera.

Labarin Kujerar nan babu wanda bai ji shi ba a Lafia. Mama Doofan, tsohuwar dillaliyar doya wadda tirelolinta ke zuwa har kudu, ita ce ta ba jami'ar gidajen hayarta da rumbunanta kyauta har abada, don a riƙa ɗaukar nauyin farfesa guda, mai riƙe da Kujerar. Aikinsa ɗaya: ya koya wa yara cewa shugaba bawan mutane ne. Ta ce ta gaji da ganin waɗanda ta biya wa makaranta sun dawo suna jira a buɗe musu ƙofar mota. Amma ta gindaya sharaɗi. Duk mai son Kujerar sai ya yi kunyar doya da hannunsa damina guda, abin da aka girbe a ciyar da ɗalibai marasa galihu. Tsohuwar ba ta yi boko ba, ba ta yarda da rahoto ba. Ta sayo takalman ruwa, ta sa aka yi wa kowane alama a dunduniya da wuƙa mai zafi. Takan zo gonar ba sanarwa, ta bi kunya-kunya tana duba sawun wa ke ciki.

Masu nema da yawa sun janye. Biyu suka rage: Farfesa Martin Terhemba, mai tsaga biyu a dunduniya, da Dakta Afra'u Kamal, mai da'ira.

Baron na jingine a ƙarshen filin Dakta Afra'u, an wanke shi tas. Ita kanta tana can tsakiyar fili, ta ɗaure ƙugu da gyale, tana sara tana tsaki. Kunyoyinta karkatattu ne, wasu kamar an zubar da tuwo.

"Sannu da aiki, Dakta."

"Aikin wahala dai. Digiri uku na yi don in zo ina kokawa da garma. Me ya kawo ki?"

"Wa ya wanke baron nan?"

"Ni. Yau da safe."

"Me ya sa?"

Afra'u ta dogara garmar, ta dube ta sama da ƙasa. "Malama Ngodoo, tuhuma ce?"

"Tambaya ce."

"Jini na gani a ciki, ƙudaje na bi. Na ɗauka 'yan sashen dabbobi ne suka ɗauki mushen akuya, sun saba. Sai da na gama na ji labarin tsohon." Muryarta ta ɗan rage. "Na san yadda abin yake a ido. Mun taɓa yin magana da shi ma, in kina son ki ƙara a kaina. Ya ga ina shan wahala ya ce zai taya ni a ɓoye. Na kusa yarda, wallahi na kusa. Kwana na yi ina tunani. Na ce masa a'a, ba don ina waliyyiya ba, tsoron tsohuwar nan nake." Ta buɗe tafukanta, duk sun sale. "Jiya tun safe ina ɗakin jarrabawa. Ki tambaya."

Ngodoo ta yi mata sallama. Ta tsallaka zuwa filin Farfesa.

Nan kuwa sai ka ce da igiya aka ja. Kunyoyi manya, kai ɗaya, kowace da hularta ta ciyawa. Sawun mai tsaga biyu ya cika wurin. Ta tsuguna ta bi shi da ido, layi bayan layi. Takalmin babba ne, amma takun gajere. Dunduniya na nutsewa, kan takalmin kuwa da kyar yake taɓa ƙasa, kamar babu yatsu a cikinsa. Ƙafar hagu kuma ba ta ɗaguwa sosai, tana share ƙasa kafin ta sauka.

A ƙarshen layin da ba a gama ba, ciyawar da ake yi wa kunya hula na zube. Kusa da ita ƙasa ta kwanta, inda mutum ya zauna ya daɗe.

Ngodoo ta zauna a kan dugaduganta. Ta gane mai wannan takun.

* * *

Farfesa Martin ya karɓe ta a barandar gidansa da fara'a. Dogon mutum ne mai taushin murya. A bangon falonsa ga hotonsa na makon Ista, durƙushe yana wanke ƙafafun ɗalibai a cikin roba.

"'Yata, zauna. Abin baƙin ciki. Na riga na gaya wa shugaban jami'a ni zan yi jawabi a wurin binnewa. Irin su Baba Akaa su ne malamanmu na gaskiya."

"Ka san shi sosai, Prof?"

"Daga nesa. Mukan gaisa."

"Jiya ka je gona?"

"Da sassafe, kamar kullum. Na yi layi biyu, na yi wanka, na tafi gidan rediyo. Kin ji shirin? A kan shugabancin hidima ne." Ya ɗan matso, ya rage murya. "Ba na son ɓata kowa. Amma an ce an ga abokiyar aikina tana wanke baro. Ni dai addu'a nake mata."

"Kunyoyinka sun yi kyau."

"Ɗan manomi ne ni, 'yata. Jini ba ya mantuwa."

Ya rako ta har bakin ƙofa. Ta bar shi ya wuce gaba a kan rairayin tsakar gida. Takunsa dogo ne, miƙaƙƙe, ƙafa biyu daidai.

Amma ta san sawu ba hujja ba ne a wurin mai jarkar fetur. Ruwa ɗaya zai shafe shi, Farfesa kuma ya fi ta baki. Tana tafe tana juya abin, har ta iso gida ta ga Rekiya na gwada wa Mimidoo takalmin makaranta wanda aka saya da girma don ya kai baɗi. Rekiya ta dunƙule tsumma ta cusa a kan takalmin, sannan ta zura ƙafar.

Ngodoo ta tsaya cak a bakin ƙofa.

* * *

Ranar Lahadi bayan an tashi coci ta tare Mama Doofan a gindin mangwaron gidanta, ta durƙusa ta faɗa mata abin da take so.

"Kin tabbata?" in ji tsohuwar.

"Ban tabbata ba, Mama. Akwatunan takalman a kulle suke, kowa da makullinsa. Zato nake."

"In zatonki ya faɗi fa?"

"Za a ƙone gidan da 'yata ke kwana."

Tsohuwar ta tauna goronta ta tofar. "Kira direba."

Kafin la'asar gonar Kujera ta cika. Mama Doofan na zaune a kan kujerar roba, sandarta a cinya. Farfesa ya zo da babbar riga, Dakta Afra'u da fuska a ɗaure. Terngu da mutanensa suka jera mashina a bakin waya, jarkar na nan inda take. Can sai ga Ashafa ya taho shi kaɗai da ƙafa, ba wanda ya kira shi. Aka fara gunaguni. Ya tsaya a gefe ya harɗe hannu a baya. Mimidoo kuwa tun safe uwar ta kai ta gidan wata malama a cikin gari, da 'yar jakar nan.

"Ba dogon zance na tara ku ba," in ji Mama Doofan. "Ku biyun nan, kowa ya buɗe akwatinsa ya sa takalmin da na ba shi. Ina so in ga kun taka a gabana."

"Mama, yau Lahadi," in ji Farfesa yana murmushi. "Ranar hutu ce."

"Ban ce ka yi noma ba, ɗana. Tafiya na ce."

Afra'u ta fizge murfin akwatinta, ta zura ƙafafu, ta taka gaba ta dawo. "Shi ke nan? Ko in yi rawa?"

Farfesa ya tattare babbar rigarsa, ya cire takalmin fatarsa mai sheƙi, ya ɗauki na ruwan. Ya zura ƙafar dama. Ta shiga rabi ta tsaya. Ya danna. Ya buga dunduniya a ƙasa. Ta ƙi.

"Roba ce, zafi ya sa ta tsuke," ya ce.

"Kawo in gani, Prof," in ji Ngodoo.

Ba ta jira ya miƙo ba. Ta ɗauki na hagun, ta kifa shi, ta buga a gwiwarta. Babu abin da ya faɗo. Wani daga cikin 'yan acaɓa ya yi tsaki. Ta zura hannu har gwiwar hannu, yatsunta suka taɓa wani abu a can ƙurya, a cushe, ya yi tauri da gumi. Ta jawo.

Dunƙulen safar yara ne. Ta warware su ɗaya-ɗaya a gaban kowa. Ta ƙarshen rawaya ce, da agwagwa a jiki.

"Na 'yata ne," ta ce. "Ni na ba Baba Akaa da hannuna. Takalmin ya yi masa yawa, yana cin dugadugansa, shi ya sa ya roƙe su. Terngu, je ka dubi sawun da ke cikin filin nan. Ka fi kowa sanin tafiyar babanka."

Terngu ya shiga tsakanin kunyoyin. Bai yi nisa ba ya tsaya, yana kallon inda ƙafar hagu ta share ƙasa. Kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Prof," in ji Ngodoo, "da ka taɓa sa ƙafarka a takalmin nan ko sau ɗaya a makonnin nan, da ka ji su, da ka zubar."

Farfesa ya zauna a kan akwatin, ƙafa ɗaya rabi a cikin takalmi. Muryar nan mai taushi ta tafi.

"Bayana ke ciwo. Likita ya hana ni... Na zo karɓar makulli da safe, na same shi zaune riƙe da hannu. Ɗalibai sun kusa fitowa. In aka gan shi da takalmina..." Ya dubi takalmin da ke ƙafarsa. "Na cire masa shi, na sa masa nasa da sauri, na ɗora shi a baro. Na ce in ɗan kawar da shi, in je rediyo in dawo da mota. Na dawo, Allah ya sani na dawo. Ban gan shi inda na ajiye shi ba. Na ce ya samu ya tafi gida."

"Ya gangara kwazazzabo ne," in ji Ngodoo. "Ya wuni a ciki, ya kwana. Yana jan jiki."

Terngu ya fito daga cikin kunyoyin a hankali.

"Ya yi magana?"

Farfesa bai ɗago ba.

"Oga, ina tambayarka. Babana ya yi magana?"

"Ya ce... ya ce in aika a kira Terngu, yana nan bakin titi da mashin. Ya ce ba zai gaya wa kowa ba."

Ihun da Terngu ya yi, ba na mutum ba ne. Ya sunkuci garmar da ke jingine ya yi kan Farfesa. Mutane suka dare. Wanda ya cafke shi ta baya, ya rungume ƙugunsa suka zube tare a kan kunya, Ashafa ne.

"Sake ni, Baba! Sake ni!"

"Ba zan sake ka ba. Tsohon nan ɗa ɗaya ya bari. Ba za ka ƙare a gidan yari saboda wannan ba."

Suka yi ta birgima har ƙarfin yaron ya ƙare, ya kifa kai a ƙirjin mutumin da ya zo ƙonawa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Abokin nan mai jarka ya kwance ta daga mashin, ya rasa inda zai sa ta, ya tura ta bayan ciyawa. Dakta Afra'u ta buɗe motarta ta ce wa Farfesa, "Shiga, kafin su canza shawara." Ita ta kai shi ofishin 'yan sanda, da takalmi ɗaya a ƙafa.

Mama Doofan ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon kunyoyin nan masu kyau.

"Sau nawa na zo nan na yaba," ta ce. "Ina ta duba dunduniyar takalmi. Ban taɓa tambayar ƙafar wa ke ciki ba."

* * *

An binne Baba Akaa ba tare da jawabin kowa ba. Ashafa ne ya kawo amalanken da ya ɗauko yashin kabarin. Kujerar ta koma hannun Dakta Afra'u, da karkatattun kunyoyinta, aka kuma sa wa Kujerar sunan tsohon. Abu na farko da ta yi, kafin ta shiga aji, ta tsaya a kan shugabannin jami'ar sai da aka ajiye allurar maganin dafin maciji a firjin asibitin makaranta, aka rubuta a ƙofa cewa ɗan ƙwadago da farfesa layi ɗaya za su bi. Har yau tana tsaki in ta ɗauki garma, amma tana ɗauka.

Ngodoo ta kwance 'yar jakar ta mayar da kayan cikin akwati. Tocilar kawai ta bari a bayan ƙofa. Mimidoo ta ƙara tambayar safarta sau ɗaya, uwar ta ce Baba Akaa ya yi amfani da ita, ta taimake shi sosai. Yarinyar ta yi tunani, ta ce to a bar masa.

Kai mai karatu, da ke 'yar'uwata mai goyo, ku ji ni da kyau. Duk wanda kububuwa ta sara, kada a tsaya tsaga, kada a tsaya neman wanda za a ɗora wa laifi, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko wane ne shi, ko me zai tonu. Kuma ranar da aka nuna muku wani aka ce ga bawan jama'a, ku miƙa masa 'ya'yanku ya koya musu shugabanci, kada hoto ya ishe ku, kada daɗin murya ya ishe ku. Ku je inda aka ce ya yi aikin, ku tambayi wanda ya yi gumin, ku ga ko yana raye. In kuma aka zo muku da sunan maƙwabcinku da jarkar fetur, ku riƙe hannun ɗanku gam, kada ku bar shi ya bi su. Gidan da za a cinna wa wutar, akwai yarinya tana barci a ciki.